Katin Aro

Ranar Asabar da hantsi Baffa Tukur ya aika a kira Raihana zaure. Tun da mahaifinta Malam Gwadabe ya rasu, shekara shida ke nan, makarantar allon gidan da maganar auren 'ya'yan gidan duk suka koma hannun ƙanen nasa. Baffa kuwa ba ya kiran mace zaure don a yi hira. Ta zura hijabi ta fito tana laluben laifin da ta yi, ba ta samu ko ɗaya ba.

Ta tarar da shi a kan buzu. Yayanta Yusuf, wanda ke riƙe da ajin manyan ɗalibai, yana gefe yana feƙe alƙalami. Can kusa da ƙofa kuma Saifuddeen ne, babban ɗan Baffa mai kemis a bakin kasuwar Gaya, ya sunkuyar da kai kamar wanda aka jawo dole. Duk wanda ya san Saifuddeen ya san babu wanda ya jawo shi. Shekara biyu ya yi yana aika wa Raihana turare tana mayar masa.

Baffa ba ya karanta boko, bai kuma taɓa jin kunyar hakan ba. Duk takardar da ta shigo gidan, na kusa da shi yake miƙa wa. Ya miƙo mata wata ya ce ta karanta.

Hoton takardar sayen magani ce, irin wadda likita yake rubutawa. Ta karanta sunan a fili, Mu'az Sharfaddeen, ta karanta lambar kati, sai ta zo kan sunan maganin ta tsaya. Shekararta biyu a makarantar koyon aikin lafiya tana karatun adana bayanan marasa lafiya, ta san ciwon da ake ba wa wannan ƙwayar. Farfaɗiya ce.

Mu'az shi ne wanda za ta aura. Manomin gyaɗa ne daga wani ƙauye a bayan Ajingi, yana da injin matsar mai, kuma abokin Yusuf ne tun suna sakandare. Wata huɗu da suka wuce danginsa suka kawo akwatin na-gani-ina-so, aka tsayar da magana cewa in an gama cirar gyaɗa za a haɗa bikinsu da na Yusuf da budurwarsa Hindatu, a yi hidima ɗaya a huta.

Baffa ya ce ba sai ta ƙarasa ba, Saifuddeen ya riga ya yi masa bayani. Maganin ne ya yanke a Ajingi, Mu'az ya zo da ƙafarsa ya saya a kemis ɗin, shi kuma Saifuddeen, saboda tsananin son zumunci, ya ɗauki hoton takardar kafin ya mayar masa.

"Ni ba zan yi miki dole ba," in ji Baffa. "Kin girma, addini ma bai ba ni wannan ikon ba. Amma gidan nan ba ma haɗa zuri'a da mai faɗuwa. Ba a asibitin nasu kike koyon aiki ba? An ce takardun kowa a hannunku suke. Ki buɗe tasa ki duba. Ranar Juma'a bayan La'asar ki zo mini da magana ɗaya, yana da ciwon ko ba shi da shi."

Ta yi ƙasa da murya ta ce aikin ba haka yake ba, foldar mara lafiya amana ce, ba a buɗe ta sai da dalilin aiki. Baffa ya tambaye ta ko akwai amanar da ta fi ta aure nauyi.  Ta saci kallon Yusuf ko zai sa baki, tunda abokinsa ne ake yankawa a gabansa, sai ta ga alƙalamin da yake feƙewa ya tsage gida biyu, ya ajiye ya ɗauki wani karan.

A cikin gida Umma ta ɗora daga inda Baffa ya tsaya. Ta ce wace irin makaranta ce wannan da za ta hana mutum duba takardar mijin da zai aura? Ai ba sata aka ce ta yi ba, leƙawa ce kawai. Ta kawo labarin wata mata a Kademi da mijinta ya faɗi da jariri a hannu, ta kawo na wani da ya faɗa rijiya, har tuwon rana ya kusa kamawa. Raihana ta ce ciwo ne kamar hawan jini, ana shan magani a zauna lafiya. Umma ta ce to ta je ta gaya wa Baffa haka.

Washegari bayan La'asar Mu'az ya zo zance kamar yadda ya saba. Ba a shimfiɗa masa tabarma a zaure ba. A gindin darbejiyar ƙofar gida suka tsaya, shi yana jingine da babur ɗinsa, rigarsa tana ƙanshin ƙuli-ƙuli duk da turaren da ya fesa. Tun daga rashin tabarmar ya gane akwai magana.

Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta gaya masa abin da aka nuna mata, ta ce, "Takardar nan taka ce?"

"Sunana ne a kai."

"Ba shi na tambaye ka ba, Yaya Mu'az."

"Na sani."

 Haushi ya kama ta, sai kuma hawaye suka biyo baya, abin da ta rantse a ɗaki ba za ta yi a gabansa ba. Ta ce wallahi ko yana da ciwon za ta zauna da shi, ita ce ma za ta riƙa tuna masa lokacin shan magani. Ta ce za ta tsaya gaban Baffa ta yi ta roƙo har ya gaji. Abin da ba za ta iya ba shi ne a ce shekara biyu yana zuwa ƙofar gidan nan, sun yi maganar ɗaki, sun yi maganar sunan 'ya'ya, amma wannan ɗaya ya rufe ta ruf, sai a bakin Saifuddeen za ta ji.

Mu'az ya daɗe yana murza makullin babur. Ya ce bai taɓa yi mata ƙarya ba, yau ma ba zai fara ba. Akwai alkawarin da ya ɗauka tun kafin ya fara zuwa wajenta, kuma bai ga yadda zai karya shi ya dawo ya ce mata shi mutumin kirki ne ba.

"Alkawarin ya fi ni ke nan?"

"Bai fi ki ba. Ya dai riga ki."

Ta goge fuska da gefen hijabi, ta gaya masa Baffa ya ce ta buɗe foldarsa. Nan ne ya ɗago da sauri.

"Kar ki buɗe. Shekara biyu kina tashi da asuba saboda karatun nan, kar ki zubar da shi a kaina."

Ya tada babur ya tafi. Ta tsaya tana jin haushinsa, tana kuma jin sonsa, ta rasa wanne ya fi yawa.

Asibitin da aka tura ta firaktikal na sati takwas ƙarami ne, na al'umma, a gefen garin Ajingi. Kullum da sassafe take shiga ƙaramar bas daga Gaya, ta sauka ta taka sauran. Mutane suna ce wa sashensu ɗakin kati, suna ɗauka yankar kati ne kawai aikin. A bayan tagar da ake miƙo kati akwai wani dogon ɗaki mai kantoci har rufi, folda dubu ashirin da wani abu a jere, kowace da lambarta. Wannan ɗakin mulkin Malama Bara'atu ne.

Malama Bara'atu gajeriya ce, mai tabarau da igiya a wuya, shekararta ashirin da shida a cikin takardun nan. Dokarta ba ta da yawa. Mutum ɗaya, lamba ɗaya, folda ɗaya. Duk foldar da aka zare sai an sa kati a gurbinta, an rubuta wanda ya ɗauka da dalilin ɗaukar. Abin da ido ya gani a ɗakin kuma a ɗakin yake kwana. Bara wata ɗaliba ta karanta foldar maƙwabciyarsu ta kai labarin gidan suna. Malama ba ta yi faɗa ba, ƙin sa mata hannu a littafin firaktikal kawai ta yi, kuma wanda ba a sa wa hannu ba ba ya shiga jarrabawar ƙarshe. An ce yanzu yarinyar tana sayar da awara.

Abin da ya fi ci wa Raihana rai shi ne, sana'ar tata ce ta koya mata riƙe lamba. Kallo ɗaya ta yi wa takardar Saifuddeen, lambar ta zauna mata daram. Ranar Litinin tana mayar da foldoji ta gan ta a kan kanta ta uku, daidai kafaɗarta, mai kauri, gefenta ya ɗan yage.

Kada wani ya ɗauka waliyyiya ce. Ranar Talata da Malama ta fita salla sai da ta ɗora yatsa a kan foldar, ta jawo ta kamar rabin taƙi. Sai ta tuna katin gurbi, ta tambayi kanta me za ta rubuta a wajen dalili. Ta tura ta ta koma. Ranar Laraba ta zagaye layin gaba ɗaya, ta riƙa bi ta bayan kantar kamar mai gudun wanda suka yi faɗa.

A gida kowa ya san a ɗakin baya take aiki, don ta sha yin ƙorafi a gaban kowa cewa an jibge ta cikin tsofaffin takardu, ba za ta ga taga ba sai satin ƙarshe. To ranar Alhamis sai aka yi wa matar da ke zama a taga rasuwa. Ranar ce kuma likitan ƙwaƙwalwa yake zuwa daga Kano, sau ɗaya a wata, layi har bakin ƙofar asibitin. Malama Bara'atu ta leƙo ta saman tabarau ta ce Raihana ta je ta riƙe taga.

Tagar katako ce aka rufe, aka bar 'yar kafa a ƙasa daidai shigar hannu. Mai zama a ciki ba ya ganin fuska sai ya sunkuya, hannuwa kawai yake gani. Hannu mai lalle, hannu mai kanta saboda fartanya, hannun tsohuwa da kati a ƙulle cikin leda uku. Ka karɓa, ka rubuta lamba a rajista, ka zaro folda, ka aika ɗakin likita. Kafin ƙarfe goma ta saba, har ta fara jin daɗin abin.

Wajen sha ɗaya wani hannu ya shigo da kati. Ta karanta lambar. Lambar kanta ta uku ce. Ta ce a ranta ashe gaskiya ne, ga shi ya zo da kansa.

Sai ta dubi hannun. Hannun Mu'az babba ne, baƙi, mai faɗi. Wannan siriri ne, akwai tawada a babban yatsa da manuni, a bayansa kuma tabon ƙuna ne ya tashi daga wuyan hannu ya lanƙwashe ƙaramin yatsa. Ta san tabon nan. Ita ta yi sati uku tana shafa masa zuma shekara uku da suka wuce, lokacin da mai shi ya dawo daga Ajingi ya ce salansar babur ce ta ƙone shi.

Ta sunkuya ta leƙa. Ya sa takunkumi, ya jawo hula har gira, amma idon Yusuf ne. Alhamis ce, babu karatun allo, babu mai tambayar inda ya tafi.

Ya yi ƙoƙarin janye katin, ta riga ta danne shi da yatsa.

"Malam, zagayo ta ƙofar baya," ta ce, da muryar da take yi wa kowa magana.

Yanzu tana da dalilin aiki. Ta rubuta katin gurbi, ta sa sunanta, ta zaro foldar ta buɗe. Shafukan farko na Mu'az ne: zazzaɓin taifot, saran maciji a gona, nauyi kilo saba'in da tara, da jan biro a sama an rubuta jikinsa ba ya karɓar allurar penisilin. Daga shafi na shida sai mutumin ya rame ya koma kilo hamsin da bakwai, ya faɗi cikin wuta yana jijjiga, ya ƙone a hannun dama. Daga nan duk wata sai sabon shafi, shekara uku cur.

Ta kai wa Malama Bara'atu, don haka dokar take. Malama ta duba shafi biyu, ta dubi saurayin da ke tsaye a bakin ƙofa, ko gezau ba ta yi ba. Ta ce katin aro ai abincinsu ne na kullum, mace ta zo da na maƙwabciya, ƙane ya zo da na wa. Ta taɓa ganin foldar da ta ce wani tsoho ɗan shekara saba'in ya haifi tagwaye. Sannan ta daina murmushi. Ta ce wa Yusuf ya sani, ranar da aka kawo mai katin nan a sume, likita zai karanta ya ɗauka farfaɗiya ce ya yi ta ba shi maganin da ba nasa ba, abin da ke kashe shi kuma yana can yana aikinsa. Ta ce a raba foldar yau, a buɗe sabuwa da sunan gaskiya, likita ya sa hannu kafin ya koma Kano.

Ta dubi Raihana, ta sake duban Yusuf. Kamar da suke yi da juna ta yi yawa, ba sai an gaya mata ba. Ta ce za ta riƙe taga na minti goma, ta ja musu ƙofa.

Yusuf ya zauna a kan benci ya cire takunkumin. Bai jira tambaya ba. Ya ce a gonar Mu'az abin ya fara, suna gasa gyaɗa bayan cira, bai san komai ba sai farkawa ya yi a gadon asibitin nan. Mu'az ne ya ɗauko shi a babur ya ɗaure shi da rawani a bayansa, da aka ce kati sai ya miƙa nasa da ke aljihu, don babu lokacin yankar wani. Da likita ya faɗi sunan ciwon, shi Yusuf ne ya riƙe rigar Mu'az ya sa shi rantsuwa. Ɗan Malam Gwadabe, mai jan salla in Baffa ba ya nan, a ce yana faɗuwa? Wa zai sake kawo masa ɗansa karatu? Sai suka ci gaba a haka. Tun da ya fara shan maganin bai sake faɗuwa ba ko sau ɗaya. Watan jiya bai zo ba saboda tana nan, shi ne Mu'az ya je ya nemo masa a kemis. Yanzu saura ƙwaya biyu.

Raihana ta saurare shi tana jera shafukan gida biyu a kan tebur.  Tausayinsa take ji har cikin ƙashinta, amma ta kasa mantawa da zaman da ya yi ranar Asabar yana feƙe alƙalami.

"Kana zaune aka ce ba ma haɗa zuri'a da mai faɗuwa," ta ce.

"Ina zaune."

"Hindatu ta sani?"

Ya girgiza kai. Sai ga hawaye. Rabonta da ganin kukansa tun ranar jana'izar mahaifinsu. Ya ce ta yi masa rai ta bar shi zuwa bayan biki, wata biyu ne kawai, in an ɗaura zai gaya wa Hindatu da bakinsa, zai gaya wa Baffa, zai je har ƙauyen su Mu'az ya durƙusa.

"Gobe ce Juma'a, Yaya."

"Za ki faɗa?"

"Ba zan faɗa ba. Ko wani ne ba kai ba, ba zan faɗa ba." Ta jawo sabuwar folda da sabon kati, ta cire murfin biro. "Suna?"

"Haba Raihana. Kin san sunana."

"Sai mai shi ya faɗa da bakinsa. Haka aikin yake."

Ya faɗa a hankali, kamar mai tsoron kantocin za su ji. Ta rubuta da manyan baƙaƙe, ta ba shi sabuwar lamba, ta rubuta ranar dawowa da sunan ɗakin likitan a bayan katin. Tsohon katin ta sa a ambulan don a mayar wa mai shi. Ya karɓi nasa ya cusa can ƙasan aljihu, ya mayar da takunkumi ya bi layi.

Da za a tashi Malama Bara'atu ta karɓi littafinta ta sa hannu a shafin ranar. Ba ta tambayi komai ba. Ta ce dai gobe ma taga za ta riƙe.

A bas ɗin komawa Gaya Raihana ta yi ta juya maganar. In ta ce wa Baffa Mu'az lafiyarsa ƙalau, tambaya ta biyu ita ce to maganin wa ya saya, kuma Baffa ba ya barin tambaya a rabi. In ta yi shiru, Mu'az ya tafi. Ta duba ta ko'ina ba ta ga wata hanya ta uku ba, har kwandasta ya taɓa kujerarta ya ce an iso.

Ranar Juma'a bayan La'asar ta tarar an riga an fito da akwatin an ajiye a zaure. Umma ce ta sa aka fito da shi, wai don kada a yi wahala biyu. Zaman irin na ranar Asabar ne, Baffa a kan buzu, Yusuf a gefe, Saifuddeen a bakin ƙofa da sabuwar shadda.

Baffa ya ce yana saurare.

"Baffa, ka yi haƙuri. Abin da na gani a wajen aiki ba zai fito daga bakina ba."

"Ashe dai kin gani."

 Ya ce yana tambayarta a matsayin uba. Ta ce ta sani, kuma ba ta taɓa saɓa masa ba, amma da foldarsa ce wani ya zo tambaya, amsar da za ta bayar ke nan. Saifuddeen ya yi gyaran murya ya ce ai magana ta fito, da lafiya ce da tuni ta faɗa da gudu. Baffa ya ɗaga masa hannu, amma ya yarda da shi. Ya ce shirun nata ya isa amsa. Allah Ya ba yaron lafiya, Ya haɗa kowa da rabonsa.

Hawaye suka zubo mata, ba ta goge ba, ba ta kuma dubi gefen da Yusuf yake ba. Ta san in ta dube shi sau ɗaya, Baffa zai bi idonta.

Baffa ya juya ya ce, tunda Yusuf ne abokinsa, shi ya fi dacewa ya mayar da kayan. Ya ɗaure a babur ya kai musu tun kafin magariba, ya ba su haƙuri da lafazi mai daɗi, kada ya ambaci ciwon don kada a tozarta bawan Allah.

"To, Baffa," in ji Yusuf.

Ya tashi ya ɗauki akwatin da hannu biyu. Raihana ta ji takunsa, ɗaya, biyu, har bakin ƙofa, Saifuddeen ya janye ƙafa ya ba shi hanya. Nan takun ya tsaya. Aka yi ta jira ya fita, bai fita ba. Baffa ya tambaya ko nauyi ne ya yi masa yawa.

Yusuf ya dire akwatin a bakin ƙofar. Ya dawo ya durƙusa a gaban buzu, ya laluba can ƙasan aljihu, ya ajiye wani ɗan kati sabo fil a gaban Baffa. 

Baffa ya ɗauka ya juya gaba, ya juya baya. Boko ne. Ya miƙa wa na kusa da shi kamar yadda ya saba.

"Karanta mini."

Raihana ta karɓa. Rubutunta ne, tawadar ko kwana biyu ba ta yi ba.

"Sai mai katin ya yarda, Baffa."

Baffa ya buɗe baki zai yi faɗa, sai Yusuf ya riga shi, kansa a ƙasa.

"Karanta masa. Har da na bayan."

Ta karanta sunan, Yusuf Gwadabe, ta karanta lambar, ta juya ta karanta ɗakin likitan ƙwaƙwalwa da ranar dawowa. Yusuf ya ce maganin da Mu'az ya saya nasa ne, shekara uku ke nan yana sha da sunan Mu'az. Saifuddeen ya fara laluben takalminsa da ƙafa.

 Baffa ya miƙa hannu ya kamo hannun daman Yusuf, ya juya bayansa sama, ya daɗe yana kallon tabon da lanƙwasasshen yatsan, kamar yau ya fara ganinsu.

"Salansa ka ce mana," ya ce a hankali.

Akwatin yana nan a bakin ƙofa inda aka dire shi. Har aka kira Magariba babu wanda ya ce a fita da shi, babu kuma wanda ya ce a mayar da shi ciki.